Kujera Biyu, Mu Uku

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da aikinki da sanyin ƙasar nan taku. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke kumbura saboda tsayuwar guga a otal, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Na san za ki juya ambulan ɗin nan kina tambayar wace ce kuma. Ni ce jikar ƙanwar kakarki, wadda kika taɓa goyawa ta jiƙa miki sabon zane. Shekara goma sha ɗaya rabona da rubuto miki, yau kuma da roƙo na zo. Kunya ta kama ni, amma na ajiye ta a gefe.

'Yarmu tilo, wadda muke kira 'Yar Baba, za ta gama sakandare nan da wata huɗu. Tun tana aji ɗaya na firamare babanta ya yi mata alkawarin ranar da ta gama zai sa ta a jirgin sama, mu je mu uku ta ga teku a garin da kike. Kin san maza da baki. Mutumin da sana'arsa gyaran agogo a wani ɗan shago a gindin bene, shi ne mai alkawarin jirgi! Ni na ɗauka za ta manta. Ina! Ta rubuta a bangon littafinta, duk shekara sai ta sake kwafewa a sabo.

Na je ofishin masu sayar da tikiti. Da yarinyar wurin ta faɗi kuɗin mutum ɗaya, sai na tambaye ta ko da jirgin za a ba ni in tafi da shi gida. Ba ta yi dariya ba.

To, an gaya mini ku masu sharar jirgi kamfani yana ba ku tikiti mai rahusa saboda dangi. Idan gaskiya ne, Yaya, ki taimake mu. Masauki ba ma zaɓe, ko tabarma a ƙofar ɗakinki ta ishe mu. Abinci ni zan dafa. Kwana bakwai kawai.

Kada ki neme ni ta wayar maƙwabta. Bangon ɗakinmu kamar takarda yake, yarinyar nan kuma kunnenta ya fi na kowa. Ki rubuto ta adireshin otal, ki sa "sashen wanki da guga".

Ƙanwarki mai guga.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma gane ki tun kafin in kai wurin zanen. Har yau ba a biya ni shi ba. Lafiyata ƙalau, ban da baya da ke ciwo. Shekara goma sha huɗu ke nan ina sunkuye ina tsince ɓawon gyaɗa da cingam a ƙarƙashin kujerun mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Sai dai kin ba ni mamaki. Ke da ƙafa a kumbure, mijinki da ɗan shago, ga yarinya za ta shiga jami'a, shi ne yawon buɗe ido ya tsaya muku a rai? Mu da muke nan ma sai mu shekara ba mu leƙa tekun ba. Ruwa ne fa, ƙanwata, ruwa mai gishiri. Ku saya mata agogo mai kyau mana, ai ba ku rasa inda za ku samu ba.

Amma tunda jinina ce ke, zan yi. Suna ba mu tikiti shida a shekara, ni kuwa ba ni da kowa, bara ma haka suka lalace. Na je ofis na sa sunayenku. Matar da ke rubutawa ta tambayi dangantakarmu, na fara daga kakanni, sai ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Don haka tikiti uku suna hannu, zuwa da dawowa, abin da za ku biya bai kai kuɗin ƙaramin firiji ba. Ga takardar gayyata na haɗo miki saboda biza.

Kujera kuwa sai an samu gurbi. Shi ya sa zai fi kyau ku bari hutun makarantu ya wuce, ku zo bayan wata biyu da gamawarta, lokacin da jirgi yake tashi rabinsa iska.

Ɗakina ɗaya ne da ɗan madafi, a hawa na biyar, lifta kuma sai ta ga dama take aiki. Ku ɗauki gadon, ni da yarinyar mu shimfiɗa a ƙasa.

Ki gaida Mai Agogo da 'Yar Babansa.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Da na karanta "tikiti uku suna hannu", zama na yi a kan tulin zannuwan gadon baƙi na yi kuka, har shugabarmu ta leƙo ta tambaya ko rasuwa aka yi. Allah ya saka miki, ya ba ki abin da ba ki roƙa ba.

Amma kin yi mini faɗa a kan abin da ba ki sani ba, kuma laifina ne da na ɓoye. Yanzu zan faɗa.

Mijina yana makancewa. Hawan jinin ido ne, likita ya ce an gano shi a makare. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa, ya ce mini kamar yana leƙen duniya ta ramin makulli ne, ramin kuma kullum ƙara tsukewa yake. Maganin da muke ɗigawa ba ya dawo da komai, jan lokaci kawai yake yi. Na tsare likitan a bakin ƙofa na ce ya gaya mini wata nawa. Ya ce shi ba ya ƙirga wa Allah, amma in akwai abin da mutumin nan yake son gani, kada mu jira.

Ya daina karɓar ƙananan agogo na hannu. Na bango kawai yake taɓawa, shi ma da lalube. Makon jiya wani ya kawo agogon mahaifinsa, mijina ya ce masa ba shi da kayan gyaran irinsa. Ƙarya ce, suna nan cike da gwangwani. Ya dawo gida bai ci abinci ba.

'Yar Baba ba ta sani ba. Ya sa na rantse ba zan gaya mata ba sai ta gama jarrabawa, sannan ya ƙara da cewa sai an dawo daga tafiya. Wai ba ya son ta tuna tafiyar nan a matsayin ranar da ta zama 'yar jagora. Ni ce idonsa. In muna tafiya ina riƙe gefen rigarsa kamar wasa, ina matsawa in akwai tudu. Yarinyar har tsokanarmu take, wai soyayya ta dawo mana da tsufa.

Kin ga ke nan maganar mu ƙara wata biyu ba ta taso ba. In don cunkoso ne, mun saba. Ko a tsaye ne za mu zo. Bikin yaye su ranar Asabar zai kama, Litinin ɗin da ke biye muna filin jirgi.

Na sayar da firijin, tunda ke kika ambace shi. Na ce wa yarinyar ya lalace.

Ba yawon buɗe ido muke so ba, Yaya. So nake mutumin nan ya cika alkawari ɗaya da idonsa kafin ya rufe.

Ƙanwarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Yau sati shida da na aika miki wasiƙa, shiru. Kullum sai na je wurin mai karɓar baƙi na otal in tambaya, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

In maganar da na faɗa ce ta yi miki nauyi, ki gaya mini. In kina ganin ɗawainiyar makaho za mu kawo miki hawa na biyar, wallahi ni zan goya shi in hau da shi. In kuma kamfani ya janye tikitin ne, ki faɗa, in san irin ƙaryar da zan shirya wa yarinyar. Shirun nan ne yake kashe ni.

Fasfo ya fito. Biza ma ta fito, bayan mun yi sammako sau uku. A ofishin an miƙo wa mijina takarda ya sa hannu, ya sa a gefen layin, sai na yi maza na ce alƙalamin ne ba ya kamawa.

Idon ya ƙara ja baya. Shekaranjiya ya zuba ruwan zafi a gefen kofi, a kan yatsunsa, bai ce uffan ba saboda yarinyar tana zaune tana karatu. Ya kulle shagon, ya ce mata hutu ya ɗauka don shirin tafiya.

Ita kuwa ta gama jarrabawa, ta wanke jakar da muka aro, ta shanya ta, ta shirya kayanta ta warware ya fi sau goma. Saura kwana ashirin da uku.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Ki yafe mini. Ciwon bayan nan ne ya kayar da ni a cikin jirgi, da buhun shara a hannu. Sati biyar ina kwance a asibiti, wasiƙunki biyu suna cikin akwatin ƙofa. Jiya na dawo na karanta su a tsaye a kan matakala. Na ji kunyar maganar agogon da na yi miki, har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Amma ki natsu ki karanta wannan sau biyu, don na ga alama waccan rabinta kika karanta. Tikitin ma'aikata ba kujera ba ne. Izinin jira ne. Za ku je filin jirgi da kayanku ku zauna. Sai duk wanda ya biya cikakken kuɗi ya shiga, sannan a duba in kujera ta rage. In ta rage, a kira dangin ma'aikata, kuma bisa girman ma'aikacin ake kira. Dangin matuƙa ne farko, sai na ofis, sai na masu ba da abinci. Dangin mai shara su ne na ƙarshe. Ba a tsayuwa a jirgi, ƙanwata, ba motar kasuwa ba ce. Ranar da kuka zaɓa kuwa ita ce ranar da duk mai ɗa a makaranta yake tafiya.

Ban ce kada ku je ba. Da na san abin da na sani yanzu, ni ma ba zan ce ku jira ba. Na kira wani da muke aiki tare ya duba mini, ya ce duk jiragen makon a cike suke, sai dai kullum akan samu wanda ya makara ko ya fasa. Ku je kullum. Ku riƙe ƙaramar jaka kawai, don mai babban akwati ba a jiransa.

Abu biyu kuma. Ku sa tufafi masu kyau, doka ce. Sannan ki riƙe bakinki. Na san gidanmu, na san irin harshen da muka gada. In kika ɗaga wa ma'aikacin teburin murya, za a soke tikitin, ni kuma a rubuta ni. Ko me aka yi miki, ki ce na gode.

Zan riƙa zuwa tarba kullum har sai na gan ku.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina fata kin samu sauƙi. Kafin wannan ta iso gare ki kin riga kin gan su, don haka kin san ƙarshen. Amma dole in gaya wa wani yadda aka yi, ba ni da kowa sai ke.

Wasiƙarki ta zo ana gobe bikin yaye su. Na karanta ta sau biyu kamar yadda kika ce, sannan na shiga bayan injin wanki na zagi kaina son raina. Layin yana nan a wasiƙarki ta farko, ɓaro-ɓaro, "sai an samu gurbi". Idona ya bi ta kansa ya wuce saboda na ga abin da nake so a layin sama.

A wurin bikin ta karɓi kyauta biyu. Da aka kira sunanta ya miƙe yana tafi, fuskarsa tana kallon wata yarinya daban. Na juyo shi da gwiwar hannu.

Litinin muka je, ni da shi da ita, cikin kayanmu mafi kyau. Muka zauna a kujerun ƙarfe kusa da teburin, muna kallon mutane suna wucewa da 'ya'yansu. Aka rufe ƙofa, ba a kira kowa ba. Muka hau mota muka dawo. Maƙwabta da muka yi wa sallama da safe suka gan mu da jaka, na ce musu jirgin ne ya samu matsala.

Talata kujera uku suka rage. Uku cif, Yaya. Har na miƙe. Sai ga matar wani matuƙi da 'ya'yanta biyu, ko minti goma ba su yi da zuwa ba, tana taunar cingam. Aka kira su. Maganar da ta taso mini ta kai nan, wuyana. Na haɗiye ta, na ce wa saurayin teburin na gode. Ya kasa kallona.

Laraba babu ko ɗaya. Na wanke kayanmu na goge, don su ke nan masu kyau. A hanyar dawowa mijina ya ce mini a hankali ramin ya fara yin hazo. Ya ce mu haƙura, ya gaji da wahalar da ni. Na ce masa in ya sake faɗin haka zan bar shi a tsakiyar titi.

Alhamis, an kusa rufe ƙofa, saurayin nan ya yafito ni. Ya ce kujera biyu ne, kuma ba a jere suke ba, amma zai roƙi wani ya canza. Ya ce ya duba gobe da jibi da duk mako mai zuwa, an sayar da tikiti fiye da kujerun ma. Ya ba ni minti biyu.

Na roƙe shi. Na ce zan zauna a ƙasa, zan zauna a banɗaki, zan taya su raba abinci. Ya ce, "Mama, biyu ne."

In ni da shi muka tafi, babu amfani. In ni da ita, alkawarin ba nawa ba ne. Mijina ya damƙe hannuna ya ce ba inda za shi ba tare da ni ba, ni na san dalili. Ban tsaya gardama ba. Na ɓamɓare yatsunsa daga hannuna ɗaya bayan ɗaya, na ɗora su a kafaɗar yarinyar. Na zura mata kwalbar maganin a aljihu. Wata biyar ina shirya yadda zan gaya mata, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Babanki yana jin jiri in ya ga taro. Kada ki sake shi."

Ta dube ni, ta dafa hannunsa a kan kafaɗarta. Suka shiga. Ko juyowa ba su samu yi ba saboda ana ta kiran su.

Na zauna a kujerar ƙarfen nan har mai shara ta zo ta ce in ɗaga ƙafa. Na ɗaga, na ce mata na gode.

Ba zan sake gwadawa ba, hutuna ya ƙare, gobe zan koma guga. Ɗigo ɗaya safe, ɗaya yamma, a idon dama. Ba ya son a yanka masa abinci a gaban mutane. Matakalar nan taku, ki riƙa ƙirgawa da ƙarfi kamar wasa kike.

Abu ɗaya nake roƙo. Shi zai ce mini komai ya yi kyau, ita ma haka. Ke ki gaya mini gaskiya: ya gani, ko mun makara?

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Suna lafiya, suna cin abinci, ana ɗiga magani a kan lokaci. Bayana ma da sauƙi. Yarinyarki ta karɓe mini girki da shara, ta kuma gaya mini labulena ya tsufa. Bakinki ne sak.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Shi kuma ya ce in rubuta miki cewa ya gani. To, na rubuta. Ga kuma abin da ni na gani.

Ranar Asabar da hantsi muka hau bas zuwa bakin teku. Rana ta fito sosai, na yi murna, na ce ko haske zai taimaka. Muka sauka, muka bi ta wurin ajiye motoci, muka taka yashi. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, ƙarar ruwan tana dukan bangon shagunan da ke bayanmu tana dawowa. Yarinyar ta sake shi don ta cire takalmi.

Sai ya gyara tsayuwa, ya juya, ya fuskanci shagunan. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Masha Allah. 'Yar Baba, kin ga girmansa?"

Na rasa abin da zan yi, in yi magana ko in yi shiru.

Ita kuwa ta ajiye takalmin. Ta zo ta bayansa ta rungume shi, ta juyo shi a hankali kamar rawa suke yi, har fuskarsa ta kalli ruwan. Ta ce ta nan ya fi kyau. Sannan ta fara surutu, wai ita da kanta take yi: ga shi kore a kusa, can nesa ya koma shuɗi, ga kumfa fari tana zuwa layi-layi, ga wasu tsuntsaye sun sauka. Shi yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne.

Can ya nuna da yatsa ya ce, "Ga wani jirgin ruwa can, kin gan shi?"

Babu jirgi, ƙanwata. Babu komai a wurin sai ruwa.

Ta ce, "Na gan shi, Baba. Babba ne." Hawaye yana zuba har haɓarta, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Yarinyar nan ta sani. Ban tambaye ta tun yaushe ba, ita ma ba ta faɗa ba. Sun shiga ruwan har gwiwa, ya jiƙe wandonsa mai kyau, ya yi dariyar da duk mutanen wurin suka juyo. Awa uku muka yi, da ƙyar ya yarda muka tafi.

Jirgin komawa ba cunkoso, na sa an duba, Alhamis ta makon gobe za su taso, don na ƙara musu kwanaki. Ki je tarba da wuri. Zai ba ki labarin jirgin ruwan nan, ya riga ya ba ni sau huɗu, har ya sa masa jan bututu. Ki bar shi ya faɗa har ƙarshe.

Yayarki.